Yadda ɗalibi daga Kebbi zai nemi gajeren kwas na hutun Turai a fannin tsara fili da lambu

Tun ranar da na sa hotunan filin makarantar firamaren unguwarmu a Facebook, bayan mun gyara hanyar ruwa mun dasa itatuwa, saƙo bai yanke mini ba. Ɗaliban zanen gine-gine, na tsara birane, na gandun daji, har da wani ma'aikacin ƙaramar hukuma daga Jega, duk tambayarsu ɗaya ce: wannan gajeren kwas da ka je ka yi, ta ina aka bi? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na jera matakan a nan.

Aikin mai tsara fili shi ne duk abin da ke wajen bango: inda ruwan sama zai bi, inda inuwa za ta faɗi da la'asar, inda ƙafa za ta taka, da irin itacen da zai rayu a wurin ba tare da an yi ta fama da shi ba. Ranar da na gaya wa mahaifina zan tafi, cewa ya yi, "To kai yanzu shukar icce za ka koyo wurin Turawa? Mu da munka tashi cikin gona?" Ban sami amsar ba shi ba a lokacin.

Mataki na 1: Daidaita kalandarka da tasu

Abin da gidajen rediyo ke fassarawa da bazarar Turai ba bazararmu ba ce. Tamu Maris zuwa Mayu ce, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40. Tasu Yuni zuwa Agusta ce, daidai lokacin da muke tsakiyar damina ana dashen shinkafa. A Afirka ta Kudu kuwa dogon hutun zafinsu a Disamba da Janairu yake faɗowa. Na ga wanda ya fara neman kwas a watan Mayu yana ganin ya yi sammako, alhali an rufe karɓar takardu tun Maris.

Galibi ana buɗe shafin nema tsakanin Disamba da Fabrairu, a rufe tsakanin Fabrairu da Afrilu, kuma ranar rufe neman tallafin kuɗi takan riga ta neman gurbi. Tun ran gini tun ran zane: in kana son tafiya a Yuli, aikinka ya fara a Agustan shekarar da ta gabace ta, saboda dalilin da za ka gani a mataki na 3.

Hattara: kalandar jami'o'inmu ba ta tafiya da ta Turai. Ko kana Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko ta Aliero, ko Kwalejin Waziri Umaru, je wurin shugaban sashenku ka tambayi lokacin jarrabawar zango na biyu kafin ka zaɓi kwas. In ya ba ka izinin tafiya, ka karɓa a rubuce. Mako uku a waje bai kai kari-oba biyu ba. Mai hidimar ƙasa ma kada ya fita sai da izinin hukumar NYSC.

Mataki na 2: Zaɓi irin kwas ɗin da ya dace da aljihunka

A akwatin bincike ka rubuta sunan fannin da Turanci, wato landscape architecture, ka haɗa da summer school da shekarar da kake so. Abin da zai fito ya kasu kamar haka.

Na Amurka su ne suka fi suna. Makarantar zane ta Jami'ar Harvard tana da shiri mai suna Design Discovery don masu son gwada fannin kafin su shiga digiri na biyu, kuma akwai nau'insa na intanet. Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley tana da INLAND, wanda aka fi yi don waɗanda suka gama digiri ko suke gab da gamawa. Kuɗinsu dubban daloli ne, ban da masauki.

A Turai, wuraren da suka shahara a fannin sun haɗa da Wageningen a Holan, Alnarp na jami'ar aikin gona ta Suwidin, makarantar tsara fili ta Versailles a Faransa, da Sheffield a Ingila. Ba kowace shekara kowannensu ke buɗe kwas na hutu ba, don haka shafinsu za ka riƙa leƙawa. Na Turai sun fi sauƙin kuɗi, daga 'yan ɗaruruwan yuro zuwa sama da dubu, kuma yawanci mako ɗaya zuwa uku ne.

A Afirka, Jami'ar Jomo Kenyatta da ke Juja a Kenya, da ta Pretoria da ta Cape Town, duk suna koyar da fannin a matsayin cikakken karatu. Rubuta wa sashen kai tsaye ka tambaya ko suna da taron bita na ɗalibai. Ƙungiyar masu tsara fili ta duniya, IFLA, tana shirya gasar zane ta ɗalibai, kuma babban taronta na 2023 a Nairobi da Stockholm aka yi shi. Shiga gasar ba ya buƙatar biza.

A gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Legas suna ba da digiri na biyu a fannin, kuma akwai ƙungiyar masu sana'ar ta Najeriya, SLAN. Wanda ke da SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, a gabansa zai iya neman yin ta a gandun renon itatuwa ko ofishin da ke tsara lambuna a Abuja, ya riƙa zuwa Millennium Park da littafin zane a hannu.

Ra'ayina, kuma ba dole kowa ya yarda ba: ɗan aji biyu ko uku da ba shi da mai ɗaukar nauyi ya tsaya kan kwas na intanet da aikin gida. Tafiyar ta fi amfani ga wanda ke shirin digiri na biyu, domin a can zai sami malamin da zai rubuta masa wasiƙar shaida.

Kafin ka cike fom, aika imel ka yi tambayoyi huɗu. Ana aiki a kan fili na gaske, ko lacca ce zalla? Masauki na cikin kuɗin? Za su ba da takardar gayyata ta neman biza? In an hana ka biza, za su mayar maka da kuɗinka?

Hattara: tambaya ta huɗu ita ce ban yi ba a shekarata ta farko. Na biya kafin alƙalami, bizar ba ta fito a kan lokaci ba, makarantar ta nuna mini layin da ya ce ba a mayarwa. Yana nan a rubuce, ni ne ban karanta ba.

Mataki na 3: Ɗauki fili ɗaya a garinku ka auna shi

Nan ne mafi yawan masu nema ke zamewa, nan kuma zan daɗe. Kwas mai daraja zai nemi kundin ayyuka, ko aƙalla 'yan shafukan zane. Abin da ɗalibanmu ke yi shi ne su ɗauko benen da suka zana a aji, su manna masa bishiyoyin kwamfuta irin na Landan da koriyar ciyawa kamar an shimfiɗa kafet. Malamin da ke tantancewa ya ga irin wannan ya gaji. Abin da bai taɓa gani ba shi ne filin Idi a Argungu da tsakar ranar Afrilu, ko lungun Badariya bayan ruwan Agusta. Wannan kai kake da shi, ɗan Holan ba shi da shi.

Zaɓi ƙaramin wuri da za ka iya zagayewa cikin minti biyar: harabar makaranta, gefen kasuwa, bakin masallacin Juma'a, tashar mota, ko kwazazzabon da ruwa ke ci a bayan unguwa. Kayan aikin ba su da yawa. Tef mai mita 30, tiyo mai shara-shara irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, sanduna biyu, igiya, kwalba mai murfi, fartanya, fensir da littafin zane, sai wayarka. A kwamfuta, manhajojin taswira na Google Earth Pro da QGIS kyauta ne.

Fara da neman izini. Ni wurin mai unguwa na fara zuwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, ina son in auna filin makaranta don aikin karatu." Ya dube ni ya dubi tef ɗin, ya ce, "Yaro, ba dai gwamnati za ta amshe filin ba?" Sai da na nuna masa katin makaranta na kuma ambaci sunan mahaifina sannan ya haɗa ni da hedimasta. A garuruwanmu tef a hannun baƙo maganar gado yake tayarwa.

Hattara: kada ka ɗauki hoton mata ko cikin gidan mutane ba izini, kada ka ɗauki ginin jami'an tsaro, kuma a halin da ake ciki kada ka zaɓi fili a daji nesa da gari. Cikin unguwa akwai aikin da ya ishe ka.

Daga nan sai ka bi wannan tsari.

Zana taswirar tushe. Ɗauko hoton wurin daga Google Earth Pro, ka je ka tabbatar da tsawo da faɗi da tef. Sikelin 1:200 ya dace da ƙaramin fili, wato santimita ɗaya a takarda mita biyu ce a ƙasa. Sa kibiyar arewa da ma'aunin sikeli a kowane shafi. Wanda ya manta da su, an gane sabon shiga ne tun daga shafin farko.

Auna gangara. Cika tiyon da ruwa, ka kori kumfar iska, ka ɗaure bakunansa a sandunan biyu, tazarar mita 10 a tsakaninsu. Ruwan zai tsaya daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Auna daga ƙasa zuwa saman ruwan a kowace sanda, bambancin shi ne gangarar. In ya ba ka santimita 20, gangarar kashi 2 cikin 100 ce. Ka yi ta maimaitawa har ka ratsa filin. Za ka buƙaci ƙane ko aboki ya riƙe maka sanda ɗaya.

Bi ruwa. Wannan ne dalilin da na ce ka fara a Agusta. Da zarar an ɗauke ruwa mai ƙarfi, sa takalmin roba ka fita kafin ƙasa ta shanye. Duba inda ya shigo, inda ya kwanta, inda ya tafi da yashi, ka sa kibiyoyi a taswirarka. Lissafin da zai burge kowa mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin ajujuwa mai murabba'in mita 200, in aka yi ruwan milimita 30, lita 6,000 ya zubo a gindin bango. Da na nuna wa hedimasta wannan lissafin, sai ya ce yanzu ya gane abin da ke cin harsashin ginin aji shida.

Gwada ƙasa. Zuba ƙasar wurin rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, mai laushi ya biyo bayan wasu sa'o'i, laka kuwa sai ta kwana ko ta yi kwanaki. Ɗauki hoton layukan. Sannan haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka duba agogo ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya shanye. Ƙasar jigawa da ta fadamar Rima ba amsa ɗaya za su ba ka ba, kuma wannan bambancin shi ke nuna inda ramin tara ruwa zai yi aiki da inda zai zama gidan sauro.

Bi inuwa da iska. Je ƙarfe 9 na safe, 12 na rana, da 4 na yamma, ka zana inda inuwa take da inda mutane suka zauna. Littattafan Turai za su ce maka gefen kudu ne mai rana. Mu muna kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɗan arewa take ratsa mu, kuma wadda ke gasa aji ita ce ta yamma. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa. Rubuta wannan a shafinka, yana nuna ka san inda kake.

Ƙirga itatuwa, kowanne da sunansa na Hausa da na kimiyya. Dogon yaro, madaci, tsamiya, aduwa, kurna, giginya, goruba. Kada ka raina gawo: yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, kuma malaman waje suna matuƙar sha'awarsa da sunan Faidherbia albida. Ga riƙe bakin kwazazzabo akwai jema da gamba. Tambayi tsofaffin unguwa wane itace ne ya taɓa tsayawa a wurin da abin da ya kashe shi.

Sai a ƙarshe ka zana shawararka. Shafi ɗaya na tsarin filin daga sama, ɗaya kuma kamar an yanka ƙasar da wuƙa ana kallo ta gefe, da mutum a tsaye ƙarƙashin bishiya don a ga tsayi. Zanen hannu ya wadatar in yana da tsabta. Shafi 8 zuwa 12 a PDF ya isa, sai dai in sun faɗi nasu adadin, kuma ka kiyaye iyakar nauyin fayil da suka sa.

Hattara: kada ka sa aikin wani, ko hoton da manhaja ta ƙirƙiro maka, ka ce naka ne. In aikin rukuni ne, rubuta abin da hannunka ya yi. Ranar farko a situdiyo, wato ɗakin zane, za a miƙa maka fensir.

Mataki na 4: Haɗa takardu

Fasfo shi ne farko. Ana cike fom a shafin hukumar shige da fice, a biya a can, a je ofishinsu na Birnin Kebbi a ɗauki hoto da zanen yatsu. Tun daga Satumbar 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000.

Hattara: sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN, fasfo da takardun makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muh'd a takardar sakandare, wannan kaɗai ya isa ya cinye maka wata guda. Gyara tun a Oktoba.

Takardar sakamako daga jami'a ita ce ke ɗaukar lokaci fiye da yadda ake zato, ka nema da wuri ka riƙa bibiya da ƙafarka. Kwasa-kwasan hutu da yawa suna karɓar wasiƙar magatakardar jami'a da ke cewa da Turanci aka koyar da kai. Tambaya tukuna kafin ka kashe kuɗi a jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda sakamakonta shekara biyu yake aiki.

Wasiƙar shaida kuwa, malamin da ya ga zanenka za ka nema, ko da ba farfesa ba ne. Kai masa kundinka da ranar rufewa, ka ba shi mako uku.

Wasiƙar bayyana dalili shafi ɗaya ce. Bar zancen cewa tun kana yaro kake ƙaunar tsirrai. Fara da filinka: ga wurin, ga abin da ruwa ke yi masa, ga abin da ka gwada, ga abin da ka kasa warwarewa wanda kake fatan kwas ɗin ya koya maka. In ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan ta shafi garinku, faɗi abin da idonka ya gani, ba tare da neman tausayi ba. Kebbi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa na dashe don tare hamada, wannan ma ya cancanci layi ɗaya in aikinka ya shafi dashe.

Mataki na 5: Yi lissafin kuɗi kafin ka danna aikawa

Ɗauki takarda ka jera: kuɗin kwas, masauki, abinci, tikitin jirgi, biza, inshora, kayan zane, motar cikin gari a can, sai tafiya Abuja. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa. Daga Birnin Kebbi ta Jega, Koko, Yawuri da Kwantagora wuni guda ne a mota, za ka kwana, kuma mai yiwuwa ka je sau biyu. Sau da yawa tikiti da masauki sun fi kuɗin kwas ɗin kansa.

Ka yi lissafin da yuro ko dala, ka mayar naira da canjin ranar, sannan ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 saboda hawa da saukar naira. In jimillar ta fi ƙarfinka, gara ka sani a Janairu.

Wajen tallafi, fara da makarantar kanta. Da yawa suna da ragi ko yafe kuɗin kwas ga 'yan ƙasashe masu tasowa, amma sai wanda ya nema. Rubuta gajeren imel ka tambaya, ba abin kunya ba ne. Ma'aikaci ya gwada sashen horaswa na ma'aikatarsa. In kawu ko yaya ne zai ɗauki nauyi, ku zauna tun wuri, domin za a buƙaci takardar bankinsa da wasiƙa da sa hannunsa, kuma ba kowane ɗan kasuwa ke son a ga cikin asusunsa ba.

Tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya biya a waje. In bai kai ba, asusun dala ne mafita, kuma buɗe shi ma yana cin kwanaki.

Hattara: makarantar gaske ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, ba ta kuma aiko da gayyata daga adireshin Gmail. Wani abokina ya biya dillali a kan kwas da biza a dunƙule, har yau lambar a kashe take. Shiga shafin jami'ar da kanka, ka ga kwas ɗin a can, ka biya a can.

Mataki na 6: Biza

Da takardar karɓa ta iso, a ranar ka nemi lokacin ganawa. Yuni da Yuli cunkoso ake yi, gurbin ganawa kan yi wuyar samu. Ƙasashe da yawa ta hannun VFS Global ko TLScontact suke karɓar takardu a Abuja da Legas, shafin ofishin jakadancin ne zai gaya maka wanne.

Ga Jamus, Holan, Faransa, Suwidin da sauran ƙasashen Shengen, gajeriyar biza ta kwana 90 ta wadatar. Kuɗinta yuro 90 ne, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida kwana 15 ake yi a ba da amsa, amma yana iya kaiwa 45. Dole inshorar lafiyarka ta kai yuro 30,000, fasfonka ya rage aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Ingila ba ta cikin Shengen, bizar baƙunta tana ba da damar karatun da bai wuce wata shida ba a makarantar da aka amince da ita.

Amurka sai an yi taka-tsantsan. Bizar ɗalibi tana buƙatar fom I-20 daga makaranta, dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, da dala 185 na nema. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya, kuma ƙa'idojin sun ƙara tsauri bayan nan. Kada ka biya ko sisi sai ka karanta sanarwar ofishin jakadancinsu ta wannan watan. A yanzu kwas na intanet shi ne mafi kwanciyar hankali.

Abin da jami'in biza ke son gani biyu ne: kana da kuɗin zama, kuma za ka dawo. Wasiƙar shugaban sashe da ke cewa kana da sauran zango a gabanka, ko ta wurin aiki da ta ba ka hutu, ta fi dogon bayani.

Hattara: kada a zuba maka miliyoyi a asusu mako ɗaya kafin ganawa. Suna duba watannin baya, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada kuma ka yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Mai zuwa Kenya ko Afirka ta Kudu ya tanadi katin rigakafin shawara.

Mataki na 7: Kaya da zaman can

Tafi da takalmin tafiya mai ƙarfi da rigar ruwa, domin rabin kwas ɗin a waje ake yi kuma zafinsu ma yana zuwa da yayyafi. Ɗauki fensira, ma'aunin sikeli, littafin zane, kan soket irin nasu, da kundinka a filashi. Kilishi ka bar shi gida, an hana shiga da nama Tarayyar Turai. A arewacin Turai ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, asuba kuma da wuri ƙwarai, sai ka shirya barcinka. 'Yan'uwa mata su nemi a rubuta musu tsarin masauki tun kafin biya, wannan takardar ce takan kwantar da hankalin iyaye.

A situdiyo aikin rukuni ake yi, a ƙarshe a kafe zane a bango malamai su yi ta suka, kamar jurin da ɗaliban zanen gine-gine suka saba, wato zaman tantance zane. In malama ta ce ka kira ta da sunanta tsurarsa, bakinka zai yi nauyi, amma haka al'adarsu take. Yi magana. Ranar da ake zancen tara ruwan sama a birni, na ba su labarin yadda ruwan awa ɗaya ke cika lungunmu, sai ga shi rukunin ya juya yana tambayata. Kafin rana ta ƙarshe ka nuna wa malami ɗaya filinka na gida, ka roƙi adireshinsa.

Mataki na 8: Bayan ka dawo

Karɓi takardar shaida da ke nuna adadin kiredit, wato ma'aunin nauyin karatun da ka yi. A tsarin Turai na ECTS, kiredit ɗaya aikin awa 25 zuwa 30 ne. Kada ka sa rai jami'arku za ta lissafa maka shi a sakamako sai in an yi yarjejeniya tun kafin tafiya. Amfaninsa a neman digiri na biyu yake. Cikin mako biyu ka aika wa malamin nan godiya tare da sabon zanen filinka.

Hattara: hanyar tunani za ka ɗauko, jerin tsirransu ka bar musu. Ciyawar da ke son ban ruwa kullum ba za ta ga watan Maris ba a Kebbi.

Mu a filin makarantarmu a Yuli muka yi dashe, bayan ruwa ya zauna, muka karkatar da ruwan rufin zuwa ramukan itatuwan kamar yadda na zana. Cikin kwana goma awaki suka cinye rabin madacin, domin babu akuya ko ɗaya a zanena. Mahaifina ne ya zo da yamma ya zagaya filin, hannu a baya, bai ce komai ba sai da ya gama. Sannan ya sa aka saro ƙayar bagaruwa aka kewaye kowane dashe, aka binne tsohon tulu a gindinsa har wuya, aka rufe bakin da kasko. Yanzu da rani 'yan aji biyar ke cika tulunan ranar Litinin da Alhamis.